Makirfo Ba Ya Cizo Haka Kawai

Kun saba in zo muku da maganar zazzaɓin yara, ko yaye, ko allurar rigakafi. Yau da maganar kiɗa na zo. Kada ki yi saurin wucewa, 'yar uwa, domin ko ba ki da ɗa makaɗi, ai kina zuwa biki, kuma sau da yawa da goyo a bayanki.

Autanmu makaɗi ne. Da rana tela ne, yana da kekensa a kasuwa. Daga Juma'a zuwa Lahadi kuwa jitar bes yake kaɗawa a wata ƙungiya ta mutum biyar da ake ɗauka wasa a bukukuwa a nan Kaduna, wani lokaci har Zariya da Abuja. Shekara shida ke nan yana yi. Ban taɓa kawo zancen a rubutu ba, saboda ko a gidanmu ba a kawo shi. Tun ranar farko Umma ta ce ita ba ta haifi maroƙi ba. Jitar ma a ɗakin abokinsa take kwana. In zai fita wasa sai ya ce zai kai ɗinki, Umma ta ce a dawo lafiya, kowa ya san gaskiyar, kowa ya yi shiru.

Ban zo raba gardama kan ko ya dace yaro ya yi wannan sana'a ba. Kowane gida da tsarinsa, kuma akwai malamai da za a tambaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da na gani da idona zan faɗa.

Daren da aka kira ni

Da daminar bara, wajen ƙarfe 11 na dare, wayata ta yi ƙara. Mai kaɗa musu ganga ne, muryarsa na rawa: "Anti, ki zo, wuta ta ja shi."

Na tarar da shi a asibiti, idonsa biyu, leɓensa na ƙasa ya ƙone, yatsun hannunsa na hagu sun yi fari a daidai inda suke danna tsirkiya. Abin da ya faru bai fi ƙiftawar ido ba. Hannunsa na kan jita, ya matsa kusa da makirfo zai yi amshi, leɓensa ya taɓa ƙarfen. Sai ya ƙame a tsaye, ya kasa saki. Mutane suka ɗauka salo ne. Mai gangar ne ya lura, ya ruga ya fizge filogi daga soket, sannan yaron ya zube ƙasa a sume.

An auna bugun zuciyarsa da na'ura, aka riƙe shi har safe ana lura da shi. Allah ya kiyaye. Da asuba, ina zaune a gefen gadon, ya ce min ai makirfon ya fi wata uku yana ɗan cizonsa a leɓe, har sun mayar da abin wasa.

Na ce, "Wata uku? Kana da yaya nas, ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Yaya, wa zan faɗa wa? A gidanmu in na ambaci jita, tashi ake yi a bar min ɗakin."

Ban iya ba shi amsa ba, domin ni ma ina cikin masu tashin. Bayan ya warke na zaunar da shi da wani mai aikin lantarki da muka yarda da shi, na ce su koya min. Abin da na koya ne zan raba da ku.

Mece ce jitar bes?

Ita ce jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri. Ba ita ke yin zaƙin da kike bi da baki ba. Ita ce ke ba da ƙugin da kike ji a ƙirjinki kafin ki shiga ɗakin taron, kuma ita ke ɗaure ganga da sauran kayan kiɗa su tafi tare. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fitar da samfurin da ya bazu a duniya a shekarar 1951, kuma har yau da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kan siffarsa ake ƙera su.

Ita kaɗai ba ta da murya. Sai an jona ta da waya zuwa amfilifaya, daga nan zuwa miksa, wato teburin nan mai maɓallai da yawa inda mai kula da sauti ke zama, daga nan zuwa manyan lasifikoki. Duk waɗannan da wuta suke aiki, kuma a bukukuwanmu yawanci wutar janareto ce, da ekstenshan da aka jona da wani ekstenshan, a shimfiɗe a ƙasa inda ake zubar da ruwa da lemo.

Yadda wuta ke bi ta jita

Ga abin da ban sani ba sai a lokacin. Tsirkiyoyin jita na ƙarfe ne, kuma a cikin jitar an haɗa su da wayar da ke tafiya har jikin ƙarfen amfilifaya. Haka aka ƙera ta, don rage ƙara. Ke nan duk wanda ya ɗora hannu a kan tsirkiya, tamkar ya dafa jikin amfilifaya ne. Shi ma kan makirfo a haɗe yake da jikin miksa.

Ki ɗauko filogin dutsen gugarki ki duba. Ƙafa uku gare shi. Biyun ƙasa su ke kawo wuta, ta saman nan mai tsawo kuwa ita ce wayar ƙasa, wadda masu lantarki ke kira atin. Aikinta shi ne, idan wuta ta ɓalle a cikin na'ura ta taɓa jikin ƙarfen, ta kwashe ta zuwa ƙasa, fis ya ƙone, mutum ya tsira. Idan babu ita, wutar sai ta zauna a jikin ƙarfen tana jiran hanya. A daren nan, hanyar ita ce hannun ƙanena, da ƙirjinsa, da leɓensa.

Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kusan miliamfiya 260. Ƙasa da rabin wannan, idan ya ratsa ta ƙirji, zai iya rikita bugun zuciya. Kafin ma a kai nan, ɗan kaɗan ya isa ya ƙanƙame tsokar hannu har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma makaɗi da ya yi awa biyu yana wasa sharkaf yake da gumi, leɓe kuma kullum a jiƙe yake.

Wannan ba a ƙasarmu aka fara ba. A shekarar 1972, wani mai kaɗa jita ɗan Sikotland mai suna Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, a gaban jama'a, bayan ya taɓa makirfon da ba shi da wayar ƙasa. Shekararsa 27. A 1976 kuma Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya mutu a cikin gidansa yana kaɗa jitar da ba a haɗa ta da ƙasa yadda ya kamata ba.

Ƙugin da aka kashe da filaya

Washegari abokansa suka duba kayan. Ƙafar saman filogin amfilifayarsa babu ita. An karya ta da filaya, kuma da gangan.

Dalilin shi ne wani ƙugi, zuuu, da ke fitowa daga lasifika ko babu mai kaɗa komai. Wutar lantarkinmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Tsirkiyar bes mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, mai bi mata kuma sau 55. Kin ga ƙugin wutar ya faɗo daidai tsakiyar muryar bes, shi ya sa amfilifayar bes ta fi kowace fito da shi. Yakan taso ne idan amfilifaya tana jone a wani soket, miksa tana wani, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu ta cikin wayar sauti.

Watanni kafin nan, a wani wasa, mai kula da sauti ya gaji da ƙugin, uwar amarya na ta ƙorafi, sai ya karya ƙafar. Ƙugi ya ɗauke nan take, kowa ya yaba masa. Daga ranar makirfo ya fara cizo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai hanyar da ta dace, kuma ba ta da wuya. Ta farko, a jona amfilifaya da miksa a layin wuta ɗaya. Ta biyu, akwai wani ɗan akwati da ake sawa tsakanin jita da miksa, makaɗa na kiransa DI. Yana da maɓallin da ke yanke wayar ƙasa ta ɓangaren sauti kaɗai, ya bar ta filogi yadda take. Ƙugin zai tafi, kariyar na nan.

Shi kuma janareto, mai aikin lantarki ne ya kamata ya haɗa shi da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, ya kuma sa na'urar nan da ke katse wuta da kanta idan ta ji ta ɓalle, wadda ake kira RCD, irin mai miliamfiya 30. Tana da maɓallin gwaji. A danna shi kafin a fara wasa, a ga ta katse.

Idan sauti ya ɗauke ana tsakiyar wasa

Na tambaye shi, to in jita ta yi shiru alhali amarya ta fito fili, me kake yi? Amsar da ya ba ni ta ba ni dariya, don irin abin da aka koya mana ne a makarantar jinya. Mu in an kawo mara lafiya a galabaice, ba ma tsalle mu ce cutar kaza ce. Muna duba hanyar iska, sannan numfashi, sannan bugun jini, bi da bi. Shi ma haka yake bin sautin daga hannunsa har lasifika.

Yana fara duba maɓallin ƙara sauti na jikin jitar, don hannun riga ma na iya murɗa shi. Sai wayar da ta haɗa jita da amfilifaya. Ya ce ita ce ta fi ba shi wahala, saboda ana taka ta, ana ja, ana naɗe ta a gwiwar hannu. Ba ya tsayawa bincike, ya zare ya sa wata. In ba ita ba ce, sai batir. Wasu jitocin bes suna da ɗan batir mai bolt 9 a ciki, kuma muddin waya na soke a jikinsu batirin na ci, ko ba a kaɗawa. Idan ya kusa ƙarewa sauti ya kan fara dishewa kamar mai mura. Daga nan sai ramin da ake soka wayar, ko ya yi sako-sako. Sai amfilifaya: fitilarta na ci? Fis ya ƙone? Ko janareto ne ya yi nauyi, wuta ta yi ƙasa? A ƙarshe sai miksa, ko wani ya danne layinsa bisa kuskure.

Dokarsa ɗaya ce: abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. In ka canja uku tare sauti ya dawo, ba ka san mai laifin ba, gobe zai sake kunyata ka.

Kowace ƙara da ma'anarta. Ƙaras-ƙaras idan an motsa, waya ce ta kusa tsinkewa, ko ƙurar hunturu ta shiga maɓalli. Ƙara mai tsini da ke huda kunne, makirfo ne ya fuskanci lasifika, sai a kawar da shi a rage sauti. Warin ƙuna kuwa ba a shawara, a kashe komai. Amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, kuma a kashe ta kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareto. Cizo a leɓe ko tsikari a yatsa shi ne kaɗai abin da ba a ci gaba da wasa a kansa. Soson da ake sa wa kan makirfo ba magani ba ne, ɓoye alamar kawai yake yi.

Yanzu jakarsa ba ta rabuwa da waya biyu na ko-ta-kwana, batir, fis, tsirkiya, tocila, abin toshe kunne, da 'yar mitar auna wuta. Kafin a fara, yana ɗora bakin mitar ɗaya a tsirkiya, ɗaya a kan makirfo. In ta nuna akwai wuta a tsakaninsu, ba ya taɓawa sai an gyara.

Idan wuta ta ja mutum a gabanki

Wannan ɓangaren ki ajiye shi a wayarki, domin a gida ma yana faruwa, da firji, da injin ruwa, da dutsen guga.

Kada ki taɓa shi da hannu, ke ma za ta kama ki. Ki kashe wutar daga soket ko janareto. In ba ki iya kaiwa ba, ki tsaya a busasshen wuri, ki ture wayar ko na'urar da busasshen katako ko kujerar roba.

Bayan an raba shi da wutar, ki kira sunansa, ki duba ko yana numfashi. In ba ya yi, ki sa wani ya nemo mota, ke kuma ki kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ki ɗora tafin hannunki a tsakiyar ƙirjinsa, ɗayan a kai, ki riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin kamar santimita 5 ga babba, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Kada ki daina sai ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya sun karɓa.

Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara, zai iya shaƙewa. Ƙunar kuma a zuba mata ruwa mai tsabta na minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja.

Duk wanda ya suma, ko ya ƙone, ko yake jin ciwon ƙirji ko faɗuwar gaba, a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau. Ƙunar wuta ƙarama ce a fata, ɓarnar na iya zama a ciki. In fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, a koma da gaggawa. Mai juna biyu da ƙaramin yaro kuwa, a kai su ko yaya jan ya kasance.

Kunnen goyonki

Sauran magana ɗaya da ta shafe mu duka. A cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke ɗaukar sauti. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma ba sa sake tsirowa. Ma'aunin ƙara shi ne desibel. A desibel 85 mutum zai iya yin awa 8 a rana, amma a desibel 100 iyakarsa minti 15. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa kada matsakaicin ƙara a wuraren shagali ya wuce desibel 100. Ƙanena kan ce kunnensa na yin kuwwa har washegari bayan wasa. Wannan kuwwar alamar rauni ce.

Ba sai kin nemi na'ura ba. In sai kin ɗaga murya kafin wadda ke kusa da ke ta ji ki, ƙarar ta yi yawa. Ki zaɓi kujera nesa da lasifika. In za ki shiga fili yin liƙi, ki ba wata ta riƙe miki jaririn a baya ko a waje. Auduga a kunne ba ta tare abin kirki. Kuma ki sa ido kan masu rarrafe da masu tatata, don wayoyin nan a ƙasa suke.

Abin da ya canja a gidanmu

Mdou Moctar, ɗan Abzinawan Nijar da yau yake yawon wasa a ƙasashen duniya, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko saboda gidansu ba su yarda ba. Yaron da abin ya shiga ransa, sau da yawa hani ba ya tsayar da shi, sai dai ya koma yi a inda idonki ba ya kaiwa. Umma tsoron shaye-shaye da miyagun abokai take yi, kuma tsoronta na kan hanya. Amma abin da ya kusa ɗauke mata ɗa ƙafar filogi ce, kuma da ana hira da shi a gida da tun watan farko mun ji.

Har yau Umma ba ta son sana'ar. Ba ta taɓa zuwa inda yake wasa ba, kuma kullum addu'arta ɗinkin ya bunƙasa ya bar kiɗan. Sai dai yanzu jitar a gida take kwana, kuma ya daina cewa zai kai ɗinki. In zai fita takan tambaye shi wane unguwa ne, ƙarfe nawa za a tashi, wa zai dawo da shi. Sannan ta ce, "Auta, ka ɗauki abin awon naka?" Ya ce, "Na ɗauka, Umma." Kuɗin mitar ma ita ta ba ni na sayo, ta ce kada in gaya masa. To, ga shi na faɗa.

In kina da ɗa ko ƙane da ke kiɗa, ko dije, ko ma mai jona lasifika a makaranta ko wurin taro, yau ki tambaye shi ko makirfo ya taɓa cizonsa, ki ce ya nuna miki filogin kayansa ki ƙirga ƙafafun. Ba sai kin yarda da sana'ar kafin ki yi wannan tambayar ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ku rubuto min a ƙasa: akwai wadda ɗanta ya ɗauki wata sana'a da ba ta so? Yaya kuka ƙare? Ina karantawa in na sauko daga aiki, kuma zan amsa gwargwadon iko. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan ƙunar ruwan zafi ga yara a lokacin sanyi.

Allah ya tsare mana zuriya. Sai mun sake haɗuwa.